Hikimar Taƙaita Magana a Takardar Neman Karatu

Ɗalibin da ya kammala sakandare a Rawayya ko Bunguɗu ko Tsafe, idan Jami'ar Tarayya ta Gusau ya nufa, wadda aka kafa a 2013, to, makin JAMB da sakamakon WAEC ko NECO ne za su yi masa jagora. Amma duk ranar da himmarsa ta kai shi ga neman gurbi ko tallafin karatu a ƙasashen waje, sau da yawa za a buƙaci insha'i daga gare shi, inda zai bayyana ko shi wane ne, da fannin da yake muradi, da dalilinsa, a kuma yanka masa haddin da ba shi da ikon ƙetarewa. Jami'o'in Amurka masu karɓar takardu ta hanyar Common Application sun ƙayyade kalma 250 zuwa 650, su kuwa na Birtaniya, ta hanyar UCAS, haruffa 4,000 suke ƙidayawa, har da filin da ke tsakanin kalmomi.

Abin da ya sa wannan sharaɗi yake yi wa yaranmu nauyi a fili yake, domin a jarrabawar Ingilishi ta WAEC an saba neman insha'i mai kimanin kalma 450, sai yaro ya tashi da ɗabi'ar jan magana don ya cika shafi. Ga kuma ladabinmu na wasiƙa, wanda ba ya shiga buƙata sai bayan doguwar gaisuwa da yabo da addu'a. Wannan ladabi abin yabo ne a muhallinsa, amma masu tace takardu dubbai ne a gabansu, kuma haddin da suka sa, shi kansa wani ɓangare ne na jarrabawar, da shi suke gane wanda ya iya rarrabe muhimmi da wanda ba shi ba.

Taƙaitawa kuwa ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Zamfara da ta san malaman 'Yandoto. Masana balaga sun daɗe da yin bayani a kan ijazi, wato tara ma'ana mai yawa cikin lafazi kaɗan. Kuma duk almajirin da ya zauna gaban malami a zaure ya san Muhtasar na Shaihu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 14, wanda ya dunƙule hukunce-hukuncen mazhabar Malikiyya cikin littafi guda, har malaman da suka biyo baya suka cika mujalladai da sharhinsa. Bai iya haka ba sai don ya san fanninsa ciki da bai, domin wanda bai fahimci maƙasudinsa ba shi ne yake kewaye-kewaye.

Saboda haka, ya kai ɗalibi, ka fara zuba duk abin da ke zuciyarka ba tare da ƙidaya ba, sa'an nan ka yi masa abin da manomi yake yi wa gero bayan sussuka, ka sheƙe ƙaiƙayi ka bar tsaba. Ka zaɓi al'amari ɗaya daga rayuwarka wanda ya nuna halinka, ko koyar da ƙannenka ne, ko haɗa noma da karatu, ka tsaya a kansa. Ka cire gaisuwa da magiya da kirarin jami'ar, ka cire makin jarrabawa tun da yana cikin sauran takardunka, duk jimloli biyun da suka faɗi abu ɗaya kuma ka bar mafi ƙarfinsu. Daga nan ka sa kwamfuta ta ƙidaya maka, ka karanta a bayyane, ka kai wa malaminka ya duba.

Muna roƙon malaman makarantunmu na Zamfara su riƙa horar da ɗalibai taƙaita shafi biyu zuwa rabin shafi tun daga ajin farko na babbar sakandare, kada a bari sai wa'adin aika takarda ya ƙarato. Allah Ya ba yaranmu ilimi mai amfani.