Kaskon Wuta a Ɗaki da Karatun Zarra

Kowace shekara, da zarar hunturu ya kankama, iska ta fara bugowa daga kan duwatsun Adar tana gangarowa cikin kwaruruka, tun daga Keita zuwa Buza har Madawa, sai jama'a su koma ga wata ta'ada wadda muka gada ba tare da mun taɓa bincika ta ba, watau a cika kasko da garwashi bayan lisha, a shigar da shi ɗaki, a toshe taga da tsumma, a ja ƙyaure, sa'an nan a kwanta. Tsofaffi suna yi, ana yi wa mai jego da jaririnta don kada sanyi ya kama su, samarin da ke kwana a shago kuwa su kan shige da ɗan murhun shayinsu, su sha na fari da na biyu da na uku, barci ya kwashe su gawayi yana ci. Da safe a tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, a ce sanyi ne; in kuwa abin ya tsananta, aka tarar da wani a some, ko rai ya riga ya yi halinsa, sai a ɗora wa aljanu, ko a shiga waige-waigen wanda ya yi sammu.

Alhali kuwa sababin yana nan tsakar ɗaki, kuma bayaninsa bai fi ƙarfin yaro ɗan shekara goma ba. Dukan abin da Allah ya halitta a wannan duniya, dutse ne ko ruwa ko jikin ɗan Adam, an gina shi da ƴan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, su ne ake kira zarra. Zarra iri-iri ce, kowane iri shi ne sinadari na asali, kamar ƙarfe da zinariya da karbon da oksijin, adadin waɗanda masana suka sani ya kai 118. Idan zarra biyu ko fiye suka ƙullu wuri guda sai a sami molekul, kamar dai yadda haruffa ƴan kaɗan suke haɗuwa su ba da kalmomin da suka cika littattafai, har ƙarin harafi guda ko raginsa ya sauya ma'ana ɗungum. Gawayi galibinsa karbon ne. In ya ci a fili inda iska ta wadata, kowace zarra ta karbon takan kama zarra biyu na oksijin, a sami iskar nan da muke fitarwa a numfashi. In kuwa aka kulle shi a ɗaki, oksijin ya yi ƙaranci, sai ta kama guda ɗaya tak, a sami wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, wadda kuma jini yake riƙe ta fiye da yadda yake riƙe oksijin sau ɗari biyu da wani abu, har mutum ya shaƙe yana cikin barci bai ko motsa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, wannan bayani yana rubuce cikin jakar yaran gidajen da abin ke faruwa. Na duba littafin wani ɗan ɗan'uwana mai shirin jarrabawar BEPC, na ga CO da CO2, watau iskar nan mai guba da wadda muke fitarwa a numfashi, an rubuta su da jan alƙalami, an ja musu layi da kyau, ya kuwa karanto mini su da Faransanci tiryan-tiryan ba gargada. Na ce masa, "To, ɗana, wanne ne daga ciki yake fita daga kaskon da ka kai wa kakarka jiya da dare?" Sai ya yi sararo yana dubana, ya ce, "Baba, ai wannan na makaranta ne." Ga inda muka tsaya ke nan: malami ya rubuta a allo, yaro ya kwafa ya haddace, uba ya sayi littafi ya ga ya sauke nauyi, babu ko ɗaya cikinsu da ya yi tunanin karatun yana da alaƙa da ɗakin da ake kwana. Wannan sakaci ne, kuma alhakinsa yana wuyan manya.

Malamai su kan kawo uzurin rashin kayan gwaji, uzurin kuwa yana da gaskiyarsa, amma bai isa hujja ba, domin madafin kowace uwa cike yake da abin koyarwa. A kunna guntun kyandir a kife masa kofin gilashi, yara su ga wutar tana raguwa har ta mutu, a tambaye su abin da ya ƙare a cikin kofin. A matsa lemun tsami a kan ƴar kanwa su ga tana kumfa, a gaya musu cewa iskar da ke tashi ita ce mai karbon ɗaya da oksijin biyu, ita ce kuma ke fita daga dutsen da ake ƙonawa a masana'antar siminti ta Malbaza. Buhun takin da manoman albasa ke saye, mai 15-15-15 a jiki, haruffan nan uku da ke kansa, N da P da K, alamomin sinadarai ne na asali. A yi bayanin da Hausa tukuna, yaro ya gane, sa'an nan a ba shi sunayen da zai rubuta a jarrabawa.

Masu cewa wannan ilmin Nasara ne su tuna da Jabir ɗan Hayyan da Abubakar al-Razi, malaman Musulunci da suka yi aikin tace sinadarai ƙarnuka da dama kafin Mendeleyev na Rasha ya jera su cikin jadawali a 1869. Jahilcin wannan fanni kuwa mun ga kuɗinsa kusa da mu: a 2010 gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, saboda ana daka dutsen zinariya mai ɗauke da dalmar a tsakar gida inda suke rarrafe.

To, ga abin da ya wajaba kowane mai gida ya sani, ya kuma sanar da iyalinsa. Zancen nan da ake yi, wai in garwashi ya ruru ya yi ja, hayaƙi ya ƙare, ba shi da sauran illa, kuskure ne babba, domin hayaƙi ne kaɗai ya ƙare, gubar tana nan tana fita muddin wutar ba ta mutu ba, ga shi kuma babu sauran abin da zai sa mutum tari ya farka. In lalle sai an ɗumama ɗaki, a shigar da kaskon ƙofa tana buɗe, a fitar da shi waje kafin a kwanta, a ƙara bargo. Kada a bar mai jego da jariri su kwana da wuta, komai nacewar tsofaffi, gama jariri ba ya iya cewa kansa yana ciwo. Injin wuta ma hukuncinsa ɗaya ne, haka babur da ake bari yana aiki a zaure: wajen ɗaki, nesa da taga, ko da ana tsoron ɓarawo.

Idan mutane biyu ko uku da suka kwana ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, a zargi wutar kafin a zargi kowa. Wanda aka tarar a some, a buɗe ƙofa da taga, a fito da shi fili nan take, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa ruwa ko madara. Mafi muni duka shi ne abin da na ga ana yi, a mayar da shi ɗaki a turara masa hayaƙin magani a kan wani sabon garwashin, a lulluɓe shi da zane. A yi masa addu'a ana kan hanyar likita, in an isa kuma a faɗa wa ma'aikacin lafiya a fili cewa da garwashi ya kwana, ko da ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi, domin illar gubar takan dawo wa ƙwaƙwalwa bayan kwanaki.