Labarin Ɗori na Faɗan Mutum-mutumi a Ma'aunin Adabin Hausa

Gabatarwa

Labarin ɗori shi ne wanda mai sha'awar wani littafi ko fim yake ƙagawa da kansa, ya ari taurarin da wani ya riga ya ƙirƙira, ya ɗora musu sababbin al'amura. Daga cikin irinsa da suka yi kasuwa a duniya akwai na faɗan mutum-mutumi, wato ƙattin ƙarfe masu siffar mutane da ke gwabzawa da junansu. Wasu na kallon wannan rubutu a matsayin wasan yara da satar fasaha. Wannan takarda za ta auna shi da ma'aunin da Bahaushe ya daɗe yana auna labarin jarumta da shi, don a gane abin da ke sa wani ya yi armashi, wani kuma ya zama lami.

Asalin taurarin

Kalmar da Turawa ke kiran mutum-mutumi da ita ta samo asali ne daga wasan kwaikwayon R.U.R. na Karel Čapek, mutumin ƙasar Cek, wanda aka buga a 1920, kuma tushenta aikin tilas take nufi. Amma ƙattin ƙarfe mayaƙa a Japan suka girma. Go Nagai ya fito da Mazinger Z a 1972, inda yaro ke shiga kan ƙarfen yana sarrafa shi. A 1979 Yoshiyuki Tomino ya kawo Gundam. A 1984 kuwa aka fara nuna Transformers da Voltron a Amurka, kuma na biyun ya yi farin jini ƙwarai a gidajen talabijin na Nijeriya. Waɗannan su ne rumbunan da masu ɗori suka fi ɗiba daga cikinsu.

Ɗori a gidan Bahaushe

Aron tauraro daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. Ba a san wanda ya ƙagi Gizo da Ƙoƙi ba, amma kowace tsohuwa tana da ikon ta sa Gizo ya shiga sabon rikici, muddin dai ta bar shi da wayonsa da haɗamarsa da tsamin bakinsa. A rubutaccen adabi ma haka abin yake. Abubakar Imam ya ɗebo daga Alfu Laila da labaran Turai ya gina Magana Jari Ce, Ahmadu Ingawa kuma ya ɗauko jarumin Rasha, Iliya Muromets, ya mayar da shi Iliya Ɗan Mai Ƙarfi.

Ƙasar Kazaure tana da nata misalin. Ɗantunku, wanda ya kafa masarautar a wajejen 1819, ya yi ta fafatawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo. Wannan tarihi ne tabbatacce, amma idan ya shiga bakin masu hira sai ya rabu biyu: Bakano ya ba da shi a matsayin tawaye, mutumin Kazaure ko Roni ko Gwiwa ya ba da shi a matsayin ƙwatar 'yanci. Taurari ɗaya ne, yaƙi ɗaya ne, wurin da mai magana ya tsaya ne ya bambanta. Abin da mai ɗori ke yi ke nan idan ya sake ba da yaƙin Transformers ta bakin Megatron, wanda aka saba gani a matsayin mugu.

Tsare halin tauraro

Hali zanen dutse ne. Mai karatu yana zuwa da saninsa, ya san Optimus Prime shugaba ne mai tausayi da cika alkawari. Idan mai ɗori ya sa shi ya ci amana ba tare da ya shimfiɗa dalili ba, to ya rubuta labarin wani ne dabam ya liƙa masa sunan da ba nasa ba, kamar wanda ya ba da tatsuniyar Gizo mai gaskiya da ƙoshi. Ƙarfin wannan shaƙuwa ya bayyana a 1986, lokacin da aka kashe Optimus Prime a fim: yara da iyayensu suka yi ta ƙorafi, a 1987 kuma aka dawo da shi da rai. Wato tauraro yakan kai matsayin da masu kallo ke jin suna da haƙƙi a kansa.

Makasa

Bahaushe ya san mutumin da ƙarfe ba ya cinsa tun kafin a ƙera mutum-mutumi. Ɗan tauri yakan goga wuƙa a wuyansa a gaban jama'a, ta lanƙwashe. Amma duk da haka, a hirar 'yan tauri ba a rasa zancen makari, da abin da aka hana su yi don kada maganin ya karye. Wannan shi ke sa zuciyar ɗan kallo ta riƙa bugawa. Jarumin da ba shi da makasa ba ya sa a ji tsoro dominsa. Abin da ya ɗaukaka Gundam shi ne ƙarfen yana lalacewa, harsashi yana ƙarewa, kuma mai tuƙa shi, Amuro Ray, yaro ne ɗan shekara 15 da ke jin tsoro har ya taɓa gudu daga rundunarsa. Mai ɗori na ƙwarai yakan nuna makasar tun da wuri, ya bar mai karatu yana ɗari-ɗarin ranar da abokin gaba zai gano ta.

Abokin karawa

A dandalin dambe na kaka, ko a Babura ne ko a ƙauyukan Roni, ba a taruwa don a ga ƙato ya buge ƙaramin yaro, domin ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Sunan Shago ya tsaya a waƙar Ɗan Anace saboda akwai irin su Ɗandunawa a gabansa. Haka Amuro yake da Char Aznable, wanda shi ma yana da nasa dalilin yaƙi. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Bugu da ƙari, kiɗa da kirarin da ake yi kafin a sa zare sukan fi bugun kansa tsawo, kuma su ke gaya wa ɗan kallo abin da ke tsakanin mutanen biyu. Labarin da ya faɗa cikin sara da suka ba tare da wannan shimfiɗa ba, ƙarar guduma ce kawai a maƙera.

Cike giɓi

A Voltron, zakoki 5 na ƙarfe ne ke haɗuwa su zama ƙato ɗaya, abin da ya yi daidai da cewar Hausawa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Sai dai kusan kowane kashi da sarar takobi guda yake ƙarewa. A nan mai ɗori ke samun gonarsa. Me zai faru idan biyu daga cikin matuƙan biyar suna gaba ranar da ake bukatar haɗuwa? Wa ke gyaran ƙarfen bayan yaƙi? Ina makomar manomin da aka tattake masa gero? Amsa irin waɗannan tambayoyi ita ce gudummawar da ke raba ɗori da kwafa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa girman ƙarfe da yawan makamai ado ne kawai. Ginshiƙan labarin su ne hali, da makasa, da abokin karawa, da giɓin da aka cike, kuma dukkansu akwai su a tatsuniya da dandalin dambe da labaran yaƙoƙin da. Umaru Dembo ya nuna a Tauraruwa Mai Wutsiya cewa Hausa tana iya ɗaukar labarin kimiyya. Saboda haka matashin da ke rubuta faɗan ƙattin ƙarfe a wayarsa bai kamata a kushe shi ba. Nuna masa ya kamata a yi cewa idan ya saurari yadda dattawan garinsu ke ba da labarin Ɗantunku, zai sami dabarun da zai hura wa ƙarfensa rai da su.