Ɓawon Fara da Matsalar Leda: Taƙaitaccen Bayani a kan Kaitin

Masu soya fara sukan fige mata fukafukai da ƙafafu su zubar kafin su sa ta a mai. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa abin nan da ake zubarwa yana ɗauke da wani sinadari mai daraja, wanda masana kimiyya ke kira kaitin.

Kaitin shi ne abin da ke ƙarfafa ɓawon fara da buzuzu da ƙaguwa da jatan lande, ana kuma samunsa a jikin naman kaza. Wani Bafaranshe, Henri Braconnot, ya fara ware shi daga naman kaza a 1811. A 1823 Auguste Odier ya same shi a ɓawon ƙwaro, ya laƙaba masa suna daga kalmar Girkanci mai ma'anar riga. Da Bahaushe ne ya raɗa sunan, da "sulken ƙwaro" zai ce, kuma muna ganin manazarta harshe za su iya duba wannan laƙabi.

Yadda ake sarrafa shi kuwa, sai a jiƙa ɓawon a ruwan asid ya narkar da allin da ke ciki, sannan a dafa shi da soda ya cire ragowar tsoka. In aka sake dafa shi da soda mai ƙarfi sai ya koma kaitosan, wanda Charles Rouget ya gano a 1859. Shi kaitosan yana narkewa a ruwan tsami kamar khal, in an shanya shi ya bushe sai ya zama fallen shara-shara tamkar leda.

A nan ne batun ya shafe mu. Duk wanda ya bi Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni da damina ya san yadda leda ke toshe magudanan ruwa, ga kuma tumakin da ke haɗiyarta su rame. Leda ba ta ruɓewa, shi kuwa fallen kaitosan ƙasa na cinye shi. Bugu da ƙari, ana tace ruwa da shi, domin yana tattara laka ta kwanta. Ana kuma yin bandejin tsayar da jini da shi, kamar wanda sojojin Amurka suka fara ɗauka a 2003. Wannan abin lura ne ga likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke wannan yanki.

Sai dai ba a rasa nono a ruga. Fallen kaitosan ya fi leda tsada, kuma danshi na raunana shi. Masana'antun duniya sun dogara ne ga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, abin da ƙasar Hausa ba ta da shi da yawa. Abin da take da shi shi ne fara, wadda ake shigo da ita buhu-buhu daga wajejen Maraɗi. Saboda haka aikin da ke gaban jami'o'inmu shi ne su auna yawan kaitin da ke cikin fukafukan nan da kuɗin fitar da shi, domin a san ko sana'ar za ta ci da kanta.