Jadawalin da Ake Gyarawa Ana Cikin Karanta Shi

Wayar Android da ke hannun mai cajin waya a Karaye, da ta ɗan kasuwar da ke tura kuɗi daga Rogo, da ta ɗalibin da ke Daura ta ƙaramar hukumar Karaye, duk a kan manhaja ɗaya suke tsaye. Sunanta Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a birnin Helsinki. Ita ce kanel, wato ɓangaren da ke tsakanin ƙarfen waya da manhajojin da muke latsawa. Duk abin da WhatsApp ko manhajar banki ke so, buɗe hoto ne ko aika saƙo, sai sun roƙi kanel ta yi musu.

Kanel tana riƙe da dubban abubuwa a lokaci guda: fayilolin da aka buɗe, da hanyoyin sadarwar da ke tsakanin waya da intanet, da sauransu. Idan ƙunshin bayani ya shigo daga intanet, dole ta gano na wace manhaja ce nan take. Bin jerin sunaye daga farko har ƙarshe zai cinye lokaci, don haka ake amfani da jadawalin hash, dabarar da Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ya bayyana tun 1953. Ana ɗaukar sunan abu a yi masa wani lissafi, lissafin ya fitar da lamba, lambar ta nuna gurbin da za a ajiye shi. Abubuwan da suka faɗa gurbi ɗaya sai a jera su a sarƙa, kowanne yana riƙe da adireshin na gaba da shi.

Da ƙwaƙwalwar lissafi ɗaya ce a waya, da maganar ta kusa ƙarewa a nan. To amma wayoyin yau, har da masu araha, suna da huɗu ko takwas, kuma duk suna taɓa jadawali ɗaya a lokaci ɗaya. Wata tana bin sarƙa tana nema, wata tana cire abu daga cikinta.

A ɗauka an aiki yaro ya raba goron gayyata a unguwa, alhali gidan farko kaɗai ya sani. Kowane gida ya shiga, a nan ake gaya masa gidan da zai je gaba. Yana tsaye a zauren gida na uku sai mai gidan ya kwashe kayansa ya tashi, baƙo ya tare. Yaro ya tambayi hanya, baƙon ya nuna masa inda ya ga dama. Haka take faruwa a cikin kanel idan aka cire abu daga sarƙa, aka mayar da wurinsa a ma'adana don wani amfani, alhali wata ƙwaƙwalwar na nan a kansa. Idan an yi sa'a waya ta ɗauke ta sake tashi. Idan ba a yi ba, wanda ya tare a wurin maharin da ya shirya wa hakan ne.

Maganin farko shi ne kwaɗo: mai shiga jadawali ya kulle, ya buɗe idan ya fito. Yana aiki, kuma har yau masu gyara jadawali da shi suke kare kansu daga juna. Illarsa ita ce layi. A yawancin jadawalan kanel, karatu ya fi gyara yawa nesa ba kusa ba, sai ka ga masu karatun da ba za su ɓata wa juna komai ba sun tsaya jiran juna. Ko kwaɗon da ke barin masu karatu da yawa su shiga tare yana da tsada, domin kowa sai ya rubuta shigarsa a wuri guda, ƙwaƙwalen su yi ta fizgar wurin nan a tsakaninsu.

Paul McKenney da John Slingwine sun bi wata hanya a kamfanin Sequent na Amurka, suka yi mata rajistar mallaka a 1995. Ita ce RCU, kuma ta shiga Linux a watan Oktoban 2002. Mai karatu ba ya kulle komai, yana dai shelanta cewa ya shiga, kuma ya fita. Nauyin duka yana kan mai gyara. Idan zai cire abu, sai ya sa na bayansa ya tsallake shi ya nuna na gabansa, amma abin da aka cire ya ci gaba da zama da adireshinsa yadda yake. Sababbin masu karatu ba za su gan shi ba, wanda kuma yake kansa zai samu hanya ya wuce. Ba a sakin wurin sai duk mai karatun da ya shiga kafin cirewar ya fito. A misalin nan namu, mai gida ya tashi amma ya bar wani a zaure yana nuna hanya har sai duk yaran da aka aika kafin tashinsa sun dawo.

A ganina a nan hikimar take, domin cire abu daga sarƙa aikin layi ɗaya ko biyu ne. Sanin lokacin da babu sauran mai riƙe da shi, wannan ne aikin da ya ci shekarun mutane.

Jiran ma yana da nasa kuɗin. Babbar kwamfutar da ke buɗe hanyoyin sadarwa tana rufewa ba ƙaƙƙautawa ba ta son ajiye kowane wuri yana jira. Don haka aka yarda a sake amfani da wurin nan take, da sharaɗin abu iri ɗaya ne zai tare a ciki. Sai wata matsalar ta ɓullo: sabon abin yana iya zama na wani gurbi dabam, mai karatun da ke kansa ya bi shi ya faɗa wata sarƙar, ya kai ƙarshe, ya yanke hukuncin cewa abin da yake nema babu shi, alhali yana nan. A 2008 Eric Dumazet ya kawo gyara mai sauƙi. Ƙarshen kowace sarƙa ya ɗauki lambar gurbinta. Mai karatu in ya kai ƙarshe ya ga lambar ba ta gurbin da ya faro ba ce, ya san an karkatar da shi, sai ya koma farko.

Akwai kuma jadawalin da ke girma. A 2014 Thomas Graf ya shigar da rhashtable cikin Linux, bisa aikin da Josh Triplett da McKenney da Jonathan Walpole suka gabatar a 2011, daga baya Herbert Xu ya sake fasalinsa. Idan ya cika kashi 75 cikin ɗari sai ya faɗaɗa, ana kwashe abubuwa zuwa sababbin gurabe alhali ana karatu. Mai zagaya jadawalin gaba ɗaya ana sanar da shi cewa an sauya girma, ya sake daga farko, kuma dole ya shirya ganin abu ɗaya sau biyu. Mai rubuta manhajar da ya ɗauka zagaye zai ba shi hoton jadawali na daƙiƙa guda ya yaudari kansa. Haka ma wanda ya dogara da umarnin hash_for_each_safe shi kaɗai: kariyarsa ta tsaya ga mai zagayen da ke cire abu da hannunsa, ba ta hana wata ƙwaƙwalwar taɓa sarƙar.

Kada a ɗauka wannan damuwar masana ce kawai. A 2015 masu bincike na Keen Team a ƙasar Sin sun gano kuskure a jadawalin hash ɗin da Linux ke ajiye hanyoyin ping, ɗan saƙon da ake gwada layin intanet da shi. Idan aka cire hanya daga jadawalin, an manta a goge alamar da ke nuna tana ciki. Manhaja sai ta nemi a cire ta karo na biyu, kanel ta yarda, ta rage ƙidayar masu riƙe da ita sau biyu, ta saki wurinta alhali manhajar na riƙe da ita. Daga nan sai mahari ya cusa nasa bayanan a wurin da aka saki, ya karɓe ikon waya gaba ɗaya. An yi wa kuskuren lamba CVE-2015-3636, kuma da shi aka gina PingPong Root da ya buɗe Samsung Galaxy S6. Gyaran da David Miller ya shigar a watan Mayun shekarar layi ɗaya ne.

Abin da ya fi damuna shi ne tazarar da ke tsakanin gyara da aljihun mai waya. A watan Oktoban 2019 Maddie Stone ta Project Zero a Google ta bayyana wani kuskure ɗan uwan wannan a sashen Binder na Android, inda ake sakin abu alhali yana rataye a wani jeri, kuma a lokacin akwai shaidar ana kai hari da shi. An riga an gyara shi a Linux, amma a lokacin gyaran bai kai wayoyi irin su Pixel 2 da Galaxy S9 da Redmi 5A ba. A ƙasarmu, inda waya kan yi shekaru tana sauya hannu daga yaya zuwa ƙani, kuma data na da tsadar da ke sa mutum ya ɗage sabunta manhaja, tazarar tana ƙara faɗi. Mai son sanin matsayin tasa ya shiga saitin waya, ya buɗe sashen bayanin waya. A nan zai ga lambar kanel ɗinsa da ranar gyaran tsaro na ƙarshe da ya shigo masa.