Ibrahim Njoya: Mai Zanen da Ya Adana Tarihin Bamum

A garin Fumban da ke yammacin Kamaru an yi mutum biyu masu suna Ibrahim Njoya, kuma sau da yawa akan rikita su. Na farko shi ne Sarkin Bamum, wanda ya ƙirƙiro wa jama'arsa rubutu nasu na kansu wajen 1896. Na biyu ɗan uwansa ne, mai zane, wanda aka haifa wajen 1890, ya kuma rasu a shekarun 1960.

A fada ya koyi aiki, a zamanin da Musulunci ke kafuwa a Fumban ta hannun Fulanin Banyo da fataken Hausawa. Sarki ya tara malamai da masu sana'a, ya sa a rubuta tarihin masarauta da al'adunta, a kuma auna ƙasar a zana taswirarta. Ibrahim na cikin waɗanda suka yi fice a wannan hidima.

Sai Faransawa suka karɓe ƙasar daga hannun Jamusawa. Suka rage wa Sarki iko, makarantun koyar da rubutun Bamum suka durƙushe, a 1931 aka kai shi Yawunde, inda ya rasu a 1933. Fadar da ta ɗauki nauyin aikin ta yi rauni, amma mai zanen bai ajiye alƙalami ba.

Abin da ya fi shahara da shi shi ne jerin sarakunan Bamum a kan takarda guda, tun daga Nshare, wanda ya kafa masarautar, kowanne da sunansa a rubutun Bamum, an kewaye su da adon da aka saba gani a sassaƙa da tufafin ƙasar. Sarakunan farko ba su bar hoto ba. Wannan aikin masanin tarihi ne, ko da yake da tawada da fensir mai launi aka yi shi.

Ya kuma zana tatsuniyoyi daki-daki, hoto na bin hoto, abin da ya sa ake lissafa shi cikin magabatan wannan salo a Afirka. Da dama daga ayyukansa suna gidajen tarihi na Turai a yau, nesa da jikokin sarakunan da ya zana.