Tsarin Tace Bitar Hujjar Likitanci da Matsayin Hausa a Cikinsa

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2013, lokacin da ƙungiyar Malaria Consortium ta fara aikin tare da hukumomin lafiya a wasu ƙananan hukumomin Jihar Katsina, jama'ar wannan yanki suka soma sabawa da ma'aikatan da ke bi gida-gida da damina suna ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Yaro lafiyarsa lau, amma a ba shi magani yau, a bar wa uwa ragowar ta ba shi gobe da jibi, bayan wata guda kuma a komo. Haƙƙin magidanci ne ya tambaya: wa ya ce wannan yana da amfani, kuma da wace hujja?

Wannan tambaya ba ta raini ba ce a ƙasar da ba ta manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, ko dakatar da rigakafin shan-inna da aka yi a Kano daga 2003 zuwa 2004. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake tattara hujjar likitanci, da yadda editoci ke tace ta kafin a buga, da canje-canjen da aka yi wa wannan tsari, sa'an nan ta nuna inda lamarin ya shafi masu nazarin Hausa. Za mu kafa misali da ƙungiyar Cochrane, wadda ta fi shahara a wannan fanni.

2.0 Mece ce Bitar Hujja?

Idan ana son sanin ko magani yana aiki, akan raba masu shiga gwaji gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba kashi ɗaya maganin, ɗaya kashin a ba shi wani abu dabam, sa'an nan a kwatanta sakamako. Amfanin ƙuri'ar shi ne hana mai bincike tura masu ƙarfin jiki ɓangaren da yake so ya yi nasara. To, amma gwaji ɗaya bai cika wadatarwa ba, domin wani ƙarami ne, wani an yi shi da sakaci, wani kuma sakamakonsa ya saɓa wa na ɗan'uwansa. Saboda haka sai a tattaro dukkan gwaje-gwajen da aka yi a kan tambaya ɗaya, a auna ingancin kowanne, a haɗa alƙalumansu. Wannan shi ne abin da za mu kira bitar hujja a cikin wannan maƙala.

Wani likita ɗan Birtaniya, Archie Cochrane, shi ne ya ja hankalin duniya ga buƙatar dogara da irin waɗannan gwaje-gwaje a littafin da ya wallafa cikin 1972. Da sunansa Iain Chalmers da abokan aikinsa suka buɗe cibiya a Oxford a 1992, aka kafa ƙungiyar ta duniya a 1993, aka kuma fara fitar da taskar bitocinta a 1995. A 2006 aka buɗe reshenta na Nijeriya a Kalaba, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Martin Meremikwu.

Shi wannan malami ne ya jagoranci bitar da aka buga a 2012 game da maganin da aka ambata a sama. Bitar ta haɗa gwaje-gwaje 7 da aka yi a Afirka ta Yamma, masu ɗauke da yara 12,589, ta gano cewa maganin yana hana kimanin kashi uku cikin huɗu na kamuwa da zazzaɓin. Game da rage mutuwa kuwa, marubutan ba su yanke hukunci da ƙarfi irin na farko ba, domin gwaje-gwajen ba su kai girman da za su tabbatar da haka ba. A watan Maris na wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya, bisa hujjar irin waɗannan gwaje-gwaje, ta ba ƙasashen Sahel shawarar su riƙa ba da maganin da damina.

3.0 Matakan Tacewa a Tsarin Farko

A tsarin da aka daɗe ana bi, aikin yana hannun rukunoni sama da 50, kowanne da fanninsa da editocinsa. Rukunin cututtuka masu yaɗuwa, wanda a lokacin mazauninsa ke Liverpool, shi ne ya tace bitar 2012. Ga matakan a taƙaice.

Da farko marubuta su yi rajistar take a wurin rukunin, don kada ayari biyu su yi aiki ɗaya. Na biyu, su rubuta taswirar aiki, inda za su faɗi tambayarsu, da irin gwaje-gwajen da za su karɓa, da abin da za su auna. Ana tace taswirar a buga ta tun kafin a fara duba sakamako. Hikimar haka a fili take: wanda ya ɗaure kansa da sharaɗi a bainar jama'a ba shi da halin sauya ma'auni idan ya ga sakamakon bai yi masa daɗi ba. Na uku, a bincika taskokin ilmi, mutum biyu kuma su zaɓi gwaje-gwajen da suka cika sharaɗi, kowa shi kaɗai, sa'an nan su gwama abin da suka samu. Na huɗu, a auna kowane gwaji ta fuskar yiwuwar karkata, a haɗa alƙaluma, a bayyana ƙarfin hujjar. Na biyar, editoci su aika da rubutun ga masana fannin, da masana lissafi, da wakilan marasa lafiya, su yi masa alƙalanci. Daga ƙarshe a gyara harshe, a buga tare da taƙaitawa cikin sassauƙan harshe domin wanda ba likita ba.

Ɗalibin da ya san ilmin Hadisi ba zai ji wannan baƙon abu ba. Malaman Katsina, tun zamanin da masallacin Gobarau ke cibiyar karatu, sun gaji ƙa'idar cewa ba a karɓar labari sai an duba isnadinsa da halin maruwaitansa, kuma ba a ajiye ingantacce da rarrauna a mataki ɗaya. Fannonin biyu sun bambanta ta fuskar abin da suke nazari, amma sun yi tarayya a kan cewa yawan masu faɗin magana ba shi kaɗai ne ke tabbatar da ita ba.

4.0 Canje-canjen da Aka Yi

Tsarin farko yana da rauni guda uku. Aiki yakan ɗauki shekaru. Inganci yakan bambanta daga rukuni zuwa rukuni. Mafi muni kuma, rukunin da ya taimaki marubuta wajen shirya bita shi ne kuma ke yanke hukuncin buga ta, watau mai koyarwa shi ne mai jarrabawa. An bi waɗannan matsaloli da gyara daki-daki.

A 2009 aka naɗa babban edita na farko, David Tovey, wanda a zamaninsa aka shimfiɗa ƙa'idojin bai-ɗaya da kowace bita za ta cika. Karla Soares-Weiser ta gaje shi a 2019. A 2016 aka fito da sabon jagora game da sabunta bita: maimakon tsohuwar ƙa'idar sabuntawa duk bayan shekara biyu, wadda aka kasa cikawa, sai a duba ko tambayar tana da muhimmanci har yanzu, da ko an sami sababbin gwaje-gwajen da za su iya sauya hukunci.

A 2020 aka tsaurara ƙa'idar alaƙar kuɗi. A da, ya wadatar a ce marubuci na farko da mafi rinjayen marubuta ba su da alaƙar kuɗi da kamfanin da ke da riba a cikin maganin da ake bita. Sabuwar ƙa'idar ta ce sai kashi biyu cikin uku sun kuɓuta daga wannan alaƙa, kuma marubuci na farko da na ƙarshe dole su kasance cikin kuɓutattun. A 2021 aka kafa ƙa'idar yadda za a yi da gwaje-gwajen da ake tuhumar alƙalumansu. Annobar korona ta nuna amfanin wannan, domin a shekarar ne aka janye wani babban rahoto daga Masar da ya yaba wa maganin ivermectin, bayan an gano matsaloli a cikin bayanansa.

Canji mafi girma ya biyo bayan yanke tallafi. Hukumar binciken lafiya ta Birtaniya ta daina ɗaukar nauyin rukunonin da ke ƙasarta a ƙarshen Maris 2023, da yawansu kuma suka rufe. Sai aka raba aikin gida biyu: masu taimakon marubuta dabam, ofishin tacewa na tsakiya mai yanke hukuncin bugawa dabam. An kuma taƙaita fasalin bitar a 2023 don ta yi sauƙin rubutawa da karantawa. A 2024 aka sanar da kafa cibiyoyin haɗa hujja guda biyar, ɗaya daga cikinsu a Nijeriya.

Wannan gyara yana da riba, yana kuma da hasara. Ribarsa ita ce 'yancin edita da daidaituwar ma'auni. Hasararsa kuwa ita ce, tsofaffin rukunoni sun kasance makarantu inda sabon marubuci daga ƙasa mai ƙarancin hali ke samun mai riƙe hannunsa har ya ƙware. Idan wannan reno ya ragu, tambayoyin da suka dami Sahel za su rasa masu ɗaukarsu. A nan ne muhimmancin cibiyar Nijeriya yake.

5.0 Inda Harshe ya Shigo

A Janairun 2023 aka buga sabuntawar wata bita game da hanyoyin hana yaɗuwar cututtukan numfashi. Jaridu da yawa suka ɗauka cewa ta tabbatar takunkumin fuska ba shi da amfani. A watan Maris babbar editar ta fito ta ce wannan fahimta kuskure ce, domin abin da aka samu shi ne hujjar ba ta kai ta yanke hukunci ba, ta kuma amsa cewa lafazin taƙaitawar ya buɗe ƙofar kuskuren. Tsakanin “ba a tabbatar yana aiki ba” da “an tabbatar ba ya aiki” akwai tazara mai nisa, kuma idan masu Ingilishi sun yi tuntuɓe a kanta cikin harshensu, ina ga wanda zai ji saƙon bayan fassara?

Tsarin da ake kira GRADE ya kasa ƙarfin hujja mataki huɗu: mai ƙarfi, matsakaiciya, mai rauni, da mai rauni ƙwarai. Kowane mataki yana da lafazin da aka keɓe masa a Ingilishi. A Hausa kuwa, “wataƙila” da “ƙila” da “mai yiwuwa” suna shiga gonar juna, mai sauraro ba ya jin wanne ya fi wanne ƙarfi. Malaman Usulu sun riga sun kasa sani zuwa yaƙini, da zato mai rinjaye, da shakka, da wahami. Rabon bai yi daidai da na likitoci ƙafa da ƙafa ba, domin shakka a wurinsu ita ce daidaituwar ɓangarori biyu, amma ya ba mu kalmomin da kunnen Bahaushe ya saba da su. Shawarar da wannan maƙala ke bayarwa ita ce a tsayar da lafazi huɗu, a lizimce su:

(a) Hujja mai ƙarfi: Maganin yana rage zazzaɓi.
(b) Matsakaiciya: Zato mafi rinjaye shi ne maganin yana rage zazzaɓi.
(c) Mai rauni: Mai yiwuwa ne maganin yana rage zazzaɓi, amma hujjar ba ta da ƙarfi.
(d) Mai rauni ƙwarai: Ba a san ko maganin yana rage zazzaɓi ba.

Akwai kuma wani tarko na nahawu. Hausa tana da lokaci na gaba na biyu, wanda ke nuna abin da ake sa ran aukuwarsa ba tare da tabbaci ba, kamar a ce “yâ rage”. Mai fassara zai iya ganin ya dace da mataki na (b) ko na (c). Amma daidaitacciyar ƙa'idar rubutunmu ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka a takarda “ya rage” ne kawai zai fito, mai karatu kuma ya ɗauke shi shuɗaɗɗen lokaci, watau abin da ya riga ya tabbata. Ta haka zato zai koma yaƙini ba tare da an sauya harafi ko ɗaya ba. Ya wajaba a guji wannan siga a rubutun lafiya, musamman wanda za a miƙa wa mai karanta labarai a rediyo.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa maganin da ake kai wa yaran Katsina da damina ya ratsa matakai masu yawa na tantancewa, kuma an yi ta gyara matakan don a raba mai shiryawa da mai hukunci, a kuma nesanta masu riba daga alƙalami. Amma duk wannan tacewa a Ingilishi take ƙarewa. Matakin ƙarshe, inda hujja ke zama maganar da uwa za ta ji a tsakar gida, shi ya fi ƙarancin masu tsaro. Ya kamata sassan Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da takwarorinta su zauna da likitoci su daidaita waɗannan lafuzza, a kuma ɗora wa fassara irin sharaɗin da aka ɗora wa bitar kanta: mutum biyu su fassara kowa shi kaɗai, na uku ya mayar da fassarar zuwa Ingilishi, sa'an nan a karanta wa iyaye mata a tambaye su abin da suka fahimta. Idan aka yi haka, magidancin da ya tambayi hujja zai sami amsa da harshensa, gwargwadon ƙarfin da hujjar take da shi.