Rano: Garin Autan Bawo Da Muka Mance A Gindin Dutse

Duk wanda ya taso daga nan Ɗankaza, inda ƙasar Wudil take shimfiɗe kamar tabarma, ya nufi kudu maso yamma, zai ga ƙasa ta sauya kama tun kafin ya isa Rano. Manyan duwatsu ne ke fara yi masa maraba, wasu a ɗore bisa wasu kamar da hannu aka jera su. Da damina, idan ciyawa ta lulluɓe su har zuwa Rurum, sai mutum ya rantse ba a Jihar Kano yake ba.

Sanin kowa ne Rano na cikin Hausa Bakwai. Labarin Bayajidda ya nuna cewa ƙaramin 'ya'yan Bawo ne ya kafa ta, shi ya sa har gobe ake yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo. A rabon ayyuka na wancan labari, ita da Kano aka bai wa sarautar baba, wato rini. Duwatsun kuwa su ne garkuwar mutanenta a zamanin yaƙe-yaƙe.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ba a cika tuna Rano ba sai an zo rigimar rawani. Gwamnatin Ganduje ta ba ta sarki mai daraja ta ɗaya a 2019, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke a watan Mayun 2024, sannan ta dawo da masarautar a mataki na biyu. An yi ta musayar yawu, amma ban ji wanda ya tambayi halin da ragowar ganuwar garin ke ciki ba.

A Faransa, tun 1982 ƙananan garuruwa suka kafa ƙungiyar ƙauyuka mafi kyau, suna adana tsofaffin gine-ginensu, baƙi na kai musu kuɗi har gida. Marigayi Audu Bako ya hango wannan tuntuni; shi ya gina madatsar ruwan Tiga, aka kammala a 1974, da otal a kan dutse a gefenta. Mu ne muka bar otal ɗin ya lalace.

Ba sai an jira Turawa ba. Ɗaliban Jami'ar Aliko Dangote da ke nan Wudil kaɗai za su cika motoci, in da akwai ɗan ɗakin adana kayan tarihi a Rano, da matasan garin da aka horar su zagaya da baƙo, su kai shi kan dutse kafin faɗuwar rana.